Doki Ma Tausa? E, Alhaji, Tausa!

Zage-zagin Suleja, na san abin da za ku ce tun ban rufe baki ba. "Mu da muke sammakon neman mota zuwa Abuja kullum, Bakano ya zo yana mana wa'azi wai a yi wa doki tausa!" Ga wani can yana cewa saura a kunna wa dokin fanka, a kawo masa shayi da madara. Ku gama dariyarku, ina jira. Dama tsakaninmu da ku ba a fushi.

Sai dai kowa ya yi wannan dariya ban da ku. Sarki Makau da jama'arsa da suka baro Zariya lokacin jihadi ai ba a tasi suka zo ba. A bayan doki ƙanensa Abu Ja ya kafa garin nan a 1828, a bayan doki kuma aka tsare shi. Sunan Abuja kun ba gwamnatin tarayya, kuka koma amsa Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau, mun kuma yaba da kyautar. Ina fatan dai ba ku haɗa musu da sanin doki ba.

Ku dubi rayuwar dokin hawan salla tsakani da Allah. Wata da watanni yana ɗaure a turke, ana tura masa dawa da dusa da harawa, motsin kirki sai jefi-jefi. Ranar salla ta zo, a shimfiɗa zubka, a aza sirdi mai itace, a ja majayi har sai ya yi nishi, a lafta masa kayan ado. Sannan Alhaji ya hau da babbar riga da rawani da tumbin da azumi ya kasa ragewa. A saki sukuwa, a zo gaban Sarki a fizgi linzami a ci birki don jahi. To, doki ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji irin namu. Tsoka ce ta rataye ƙirjinsa a tsakanin ƙafafunsa na gaba, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a kansu yake. Duk wannan birkin, da Alhaji da tumbinsa, a kan tsokar suke sauka.

Da dare kai ne za ka kwanta rubda ciki a tabarma kana kiran jika, "Zo tattaka mini bayan nan, ɗan albarka, hawan nan ya karya ni." Kai da aka ɗauka ke nan. Wanda ya ɗauke ka fa?

Aikin ba wani siddabaru ba ne. Tsofaffin 'yan barga suna yinsa, ba su dai sa masa suna ba. Bayan an sauke sirdi an wanke gumi, sai a bi jikin da tafin hannu a hankali: wuya, kafaɗa, gefen gadon baya hagu da dama, ƙugu, cinyoyi. Tsoka ake murzawa, ba a danna ƙashi. Dokin da kansa zai ba ka amsa. In ka taɓa inda ke masa ciwo zai kwantar da kunne, ya kaɗa wutsiya, ya lotsa baya. In ya ji daɗi sai ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido, leɓe ya saki, wani har da hamma. A ganina babbar ribar ma ba sakin tsokar ba ce. Hannun da ke yawo a jikin doki kullum shi ke fara jin zafi a ƙafa, da kumburi, da kaska, da inda sirdi ya fara ci tun bai zama miki ba. Mai kallo daga kan kujera sai doki ya fara ɗingishi yake cewa, "Af, me ya same shi?"

Na ga har yanzu kuna yatsina. Bari in kawo muku Bature, tunda na lura maganarsa ta fi shiga. A 1993 wasu masu bincike a Faransa sun auna bugun zuciyar dawakin yankin Kamarg, suka ga in an sosa gindin wuya, wajen da dawaki suka fi sosa wa junansu da haƙori, bugun yakan ragu. Wani Ba'amurke kuma, Jack Meagher, tausa ce sana'arsa, kuma shi ya riƙa murza dawakin tawagar Amurka a gasar Olamfik ta 1976 a Kanada. Yawwa, ga gyaran murya ya fara. Da tsohon ɗan barga ne ya faɗa, da kun ce camfi.

Amma kada wani ya ɗauki zancena ya buɗe shago. Akwai masu tallar cewa hannu na warkar da komai, su ma ban bar su ba. Ƙasarku mai dausayi ce da kurmi, tun da can tsando ke wahalar da dawaki a wannan shiyya, kuma sammoren da yake sawa a jini yake, ko ka kwana murza ba ka kai gare shi ba. Doki ba ya amai, shi ya sa ciwon ciki ke iya kashe shi cikin sa'o'i. In ka ga yana birgima yana waiwayen cikinsa, lambar likitan dabbobi za ka nema. Haka in ya sandare bayan sukuwa, cinyoyi suka yi tauri, fitsari ya yi duhu: tsoka ce ta lalace, yawanci don an cika masa hatsi yana hutu sannan aka more shi rana ɗaya. A nan matsa ƙara ɓarna take yi. Sirdin da bai dace da baya ba kuwa, sirdin za a gyara.

Wanda zai gwada, ya fara daga wuya, ya tsaya ta gefe kusa da kafaɗa, yana yi yana magana. Alhaji, na roƙe ka kada ka zagaya ta baya kana taƙama dokinka ne da ka saya da kuɗinka. Shi bai ga rasit ba, kuma ba ni da kuɗin motar zuwa dubiya daga Kano.