Wai Me Aka Ajiye a Kan Dutsen?

Malam, tun ban rufe baki ba na ga ka yamutsa fuska. Cewa kawai na yi ka kwashi iyali a mota, ku hau Mambila, ku taka dutse da ƙafa, ku dawo. Ka ce biki ake yi a can? A'a. Rasuwa aka yi? Allah ya kiyaye. To sari za a yo? Ko ɗaya. Sai ka girgiza kai ka ce ashe ba lafiya. A wurinka dai tafiya uku ce: biki, ta'aziyya, kasuwa. Wanda ya ƙona mai ba don ɗayansu ba, a nemo masa mai ruƙiyya.

Ka ce hawan dutse aikin Turawa ne, sai kuma wanda akuyarsa ta ɓata? To Alhaji, wane ne wancan a hoton da ke falonka, yana haki a kan Jabalun Nur? Ba rukunin Hajji ba ne, ba wanda ya tilasta ka, amma ka hau, kuma har yau ba ka bar baƙi sun huta da labarin ba. Ashe ƙafar tana aiki, biza kawai take jira.

Ka ce ai ƙasarmu a shimfiɗe take, daga Dala sai Goron Dutse? Sannu, masanin ƙasa. Ka taɓa wuce Jalingo? Ka bi ta Bali ka kai Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, gandun da aka kafa a 1991, wanda duk Najeriya babu mai girmansa. Kana wuce Mayo Selbe hanya za ta daina yi maka wasa. Kwalta ta nannaɗe dutse, kwana na bin kwana, gefe guda bango, gefe guda rami wanda ba a leƙa shi sau biyu. A nan ne Hawan Biyu da Sisi yake. A nan ne kuma yaran da suka ishe ka da "Baba, mun kusa?" za su yi tsit, Hajiya ta tuno addu'o'in da rabonta da su tun Islamiyya.

Na ji, motarka tana da ƙarfi. Kowa motarsa tana da ƙarfi a titin Zariya. Hawa da sauƙi: ka duba ruwan lagireto tun daga ƙasa, ka bi a hankali, kada ka wuce babbar mota a kwana. Gangarowa ce ke tona asirin direba. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama ba ka ɗaga ba, zai yi zafi, ya fara wari, can kuma ka taka ka ji fayau. Abin yi shi ne ka riƙe giya. Ta mota nake nufi, Malam, ajiye carbin. Ka sa lamba biyu, wani wurin ma lamba ɗaya, inji ya riƙe motar, birki ya zama ɗan taimako.

Da kun kai sama kuma sai gardamarka ta rasa wurin zama. Tudun yana kai kimanin mita 1,600 daga matakin teku. Tuddai ne masu laushi lulluɓe da ciyawa, shanun Fulani warwatse a kansu, layin itatuwan turare, gajimare kuma yana yawo a ƙasa da inda kake tsaye. Ka ce sanyi ba ya ba ka tsoro, kai da ka ci hunturun Kano? Kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6. Yi lissafin da kanka, sannan ka sa rigar sanyi a jaka kafin asubar Gembu ta koya maka ladabi. A Kakara kuma ka tsaya ka ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea. Ganye ne, a jikin ɗan itace yake fitowa, da hannu ake tsinkarsa. Na san ka ɗauka a cikin 'yar jaka mai zare Allah ya halicce shi.

Yanzu kuma ka zaƙe, wai kai sai Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419, can kan iyakar Kamaru. Ɗazu-ɗazu fa kake cewa hauka ne! Wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da ɗan jagora, ba ta mai goyo ba ce, ba kuma ta mai tumbi irin naka ba. Ku nufi dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Tafiya ce daidai iyali, a cikin ciyawa har bakin kurmi mai tsuntsaye da birai.

Ka ce Hajiya ba za ta iya ba? Matar da ke shiga Kantin Kwari da hantsi ta fito da la'asar, ba ta zauna ba ko sau ɗaya? Kai dai ka ji da gwiwarka.

Maganar tsaro da ruwan sama, nan kam na ba ka gaskiya, kada ka saba. Ku tafi da rani, ku yi tafiyar rana, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ka tayar da mota.

Ka ce ka ji, za ka je, amma sai an gama tashar wutar Mambila, wadda a da aka ce za ta ba da megawat 3,050 ɗin nan, ka haɗa kallo biyu a tafiya ɗaya? Tun ba a haifi babban ɗanka ba ake zancenta. To shi ke nan, Malam, ka bar wa jikoki makullin motar a cikin wasiyya.