Kwana Uku a Tabarma Ɗaya

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyadina Umar yana yabon wani mutum. Umar ya tambaye shi ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Umar ya ce to bai san shi ba. Ban gane zurfin wannan magana ba sai ranar da 'yan Tablig suka sauka a masallacin layinmu a Barnawa ta Kaduna, da shimfiɗunsu da tukwanensu da ƙaramar tukunyar gas, aka ɗora mini kai-komo da su don gidana ne a jikin masallacin.

Maulana Muhammad Ilyas ne ya assasa wannan tafiya a yankin Mewat na Indiya a shekarar 1926. Tsarinta mai sauƙin faɗa ne: mutum ya bar gida kwana 3, ko 40, ko wata 4, da kuɗin aljihunsa, ya kwana a masallaci, ya dafa da hannunsa, ya bi gida-gida yana tunatar da Musulmi salla. Daga Nizamuddin ta Delhi da Raiwind ta kusa da Lahore da Tongi ta Bangladesh jama'o'i ke watsuwa cikin duniya, har rabo ya sa wasu su tsallako gadar kogin Kaduna. Niyya ɗaya suka fito da ita, amma hali kowa da nasa ya ɗauro a jaka.

Na farko shi ne Amir. Bawan Allah ne mai sanyin murya, ba ya yanke komai sai da mashawara. Kowace safiya a zauna a kewaye, a bi kowa a ji ra'ayinsa. Na ga an shafe rabin awa ana tattauna ko albasa za a ƙaro ko tumatir. Da kowa ya gama, sai ya sunkuyar da kai, ya yi wa ra'ayoyi addu'ar albarka, sannan ya zaɓi abin da ya ƙudurta tun jiya.

Sai mai hidima, wato wanda girki ya faɗo kansa. Mu Hausawa muna taƙama da yaji, har ranar da wani baƙo daga Lahore ya riƙe ludayi. Ranar na ga dattawa suna share hawaye tun ba a fara bayanin lahira ba. Washegari muka rama da tuwon masara miyar kuɓewa. Ya ɗaga loma, miya ta biyo shi kamar mai binsa bashi. Ya ƙara ɗaga hannu, ta ƙara biyowa. Ya mayar da lomar cikin ladabi ya ce azumi yake, alhali tuni an yi magariba.

Akwai tafinta. Baƙo ya yi magana da Urdu, wani ya juya ta Turanci, shi kuma ya sauke ta da Hausa, kuma a hanya kaya sukan ƙaru. Baƙo ya ce a kula da salla cikin jam'i, jimla ɗaya tak. Tafinta ya kwashe minti biyar, ya biya ta kan masu ajiye babur a ƙofar masallaci, ya sauka kan wanda ya canza masa silifas ranar Juma'a. Baƙo yana ta gyaɗa kai, yana mamakin yalwar harshen Hausa.

Mai munshari kuwa shi ne ladanin da ba a naɗa ba. Kansa na taɓa matashi, sai ka rantse janareton maƙwabta aka tayar. Ta dalilinsa jama'a duka ke tashi sallar dare, da masu niyya da waɗanda barci ya gagara. Da asuba shi ke fara ƙorafin cewa sauron Kaduna ya hana shi runtsawa.

Ga kuma mai waya. A bayaninsa duniya ba ta kai fiffiken sauro ba, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Amma tun ranar sauka ya shimfiɗa bargonsa a gindin soket ɗaya tilo na masallacin. In aka kawo wuta, hamdalarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya baro duniya a gida, sai dai ya taho da cajarta.

Daga 'yan gida akwai sabon shiga. Fitar kwana uku ya yi, sau ɗaya. Ya dawo da riga 'yar Pakistan, da rawani, da asuwaki a aljihun gaba kamar biro, yana kiran kowa “bhai”, har mai shayin bakin titi. Mahaifiyarsa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai ɗan nan, nan Kakuri fa ka je.”

Ɗan jagora shi ne ke gaba a jaula, zagayen unguwa na bayan la'asar. Ya san kowane lungu, shi ya sa akwai layin da bai taɓa bi da baƙi ba, don a can mai shagon da ke binsa bashi yake. Barnawa kuma tana cikin unguwannin da masallaci da coci ke jin muryar juna har yau, duk da yadda rikicin shekarar 2000 ya mai da kogi iyaka tsakanin mutanen gari. Wata rana ya yi sallama a wani gida, sai ga dattijuwa da gicciye a wuya. Ta ce, “Sannunku da aiki, malamai,” ta kawo ruwan sanyi, sannan ta nuna ƙofar da ke kallon tata: “Ga wanda kuke nema can. Shekara goma muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ya buɗe ƙofa da asuba ba.”

Kada a manta da mai niyya. Duk lokacin da aka gama bayani aka buɗe littafi don rubuta masu fita, shi ke fara miƙewa: wata huɗu, Indiya da Pakistan! A yi masa kabbara. Da ana haɗa niyyoyinsa, da yanzu ya zagaye duniya sau uku. A zahiri ko tashar motar Television ta nan Kaduna bai kai ba.

Akwai kuma wani tsoho da ya biyo jama'ar daga Maraɗi. Bai taɓa yin bayani ba. In aka zo kansa a mashawara, sai ya ce duk abin da Amir ya gani. Na ɗauka ma rakiya ya yo. Da kwanakinsu suka cika aka yi musafaha, aka yafi juna, motarsu ta nufi wani masallacin.

Washegari da asuba muka zo alwala, muka tarar da butoci a bushe, makewayi ba a wanke ba, takalma a warwatse a ƙofa kamar yadda muka saba barinsu. Sai a lokacin muka fahimci akwai wanda ke tashi kafin kowa kwana ukun nan. Liman ya tambayi sunansa don a sa shi a addu'a. Muka dubi juna. Mun haddace sunan Amir, da na tafinta, har da na mai munshari. Na tsohon kuwa, babu wanda ya tambaya.