Ɓarawon Yashin Kawu

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ko gishiri zai saya sai an ɗora masa a sikeli. Da ya tashi gina ɗakin amarya, magini ya ce aikin zai ci yashi kubik mita 12 da rabi. Kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, wato lita 1,000, kuma busasshen yashi mai cika shi yana kai kilo 1,600. Kawu ya sa ni na buga lissafi a waya, ya tashi tan 20 cif.

A tsakiyar Agusta tifa ta sauke yashi daga kogin Wudil, ruwa na ɗiga ta bayanta. Magini ya zagaya tarin ya ce, "Alhaji, wannan ba zai kai mu ba."

"Tan ashirin na biya!" in ji Kawu.

Washegari ya ɗauko sikeli daga kasuwa. Aka cika kwanon sarki, ya nuna kilo 33. Bayan rana ta buɗe kwana biyu aka sake cikawa daga saman tarin, sai ga kilo 28. Kawu ya yi salati, ya ce ana yi masa sata. Ya tsare mai gadi da tambayoyi, shi kuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ɓarawo ne zai bar kwano a cike ya sace nauyinsa?" Duk da haka Kawu ya shimfiɗa tabarma ya kwana a gindin yashi da tocila da gora, sauro suka yi walima.

Da safe magini ya warware masa. Jiƙaƙƙen yashi yana kai kilo 1,900 a kubik, don haka tan 20 ɗinsa kubik 10 da rabi ne kawai. Giɓin ya kusa baro 30, kuma ruwan kogi ne Kawu ya saya a farashin yashi. Shi ya sa magina ke auna kwaɓi da kwano da baro. Siminti ne kaɗai ke zuwa da nauyinsa a rubuce, kilo 50 a buhu.

Kawu ya ba mai gadi haƙuri da tiya biyu ta gero, sannan ya sayo ƙarin yashi. Wannan karon sai da ya hau bayan tifar da tef a hannu.