Jinjina ga Dokar da Ta San Darajar Gyauji

Allah ya saka wa hukumar kula da namun daji ta Gana da alheri. Mu mutanen Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, mun shaida ba a taɓa yin masu tausayin dabba irinsu ba.

Tun 1971 dokar farauta take nan, aka ƙara mata gishiri a 1989. Kowace shekara, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, a jingine bindiga, a naɗe tarko, dabbobi na haihuwa. Gyauji kaɗai, wanda Asantawa ke kira akrantie, aka yarda a taɓa, shi ma sai da lasisi. To madalla! Ke nan Malam da ya sha rana ya shuka masara can wajen Ejura, in gyauji ya shiga da dare yana yi mata aski, kada ya kuskura ya ta da yaro ya ce ɗauko gora. Wannan aikin jahilai ne. Mai hankali sallama zai yi wa gyaujin, ya roƙe shi ya ɗan dakata, ya hau mota zuwa ofis, ya biya, ya karɓo takarda. In ya dawo ya tarar gona ta zama fili, ya gode Allah, ai bai karya doka ba.

A wasu jihohin Amurka, irin su Ohayo, mai gona da matarsa da 'ya'yansa suna farauta a gonarsu ba lasisi. Rashin tarbiyya ke nan. Mu an hutar da mu tun daga tushe: ƙasa ta kujerar sarauta ce, da yawa cikinmu abusa suke yi, a raba amfani uku tsakaninsu da mai ƙasa. Wa ke da gonar da zai yi wa gyauji gadara a kanta?

Masu baƙin baki kan ce doka ba ta leƙa kasuwar Atwemonom, inda ake babbake naman daji a tsakiyar Kumasi. Ƙazafi ne. In ka ga wani abu mai kofato a kan tebur cikin Satumba, kyautata zato, ɗan'uwa, gyauji ne ya yi ƙaho.

Amma inda hikimar ta cika ta tumbatsa shi ne wajen masu galamsey, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Katafila ba ta farauta, ba ta da harsashi, ba ta ɗana tarko. Ita dai ta tumɓuke dajin gaba ɗaya, ta mai da kogin Offin kamar koko, gada da mazo su san inda dare ya yi musu. Shi ya sa a 2022 aka fito da doka mai lamba L.I. 2462, wadda ta buɗe ƙofar haƙar ma'adinai har cikin gandun daji, alhali ɗan manomi mai danƙo yana nan a sahun masu laifi. Gaskiya ne kuwa, shi ke gani ya harba, katafila kuwa ba da gangan take yi ba. Dajin Apamprama shaida ne, abin da ya rage daga cikinsa.

Saboda haka, jama'ar Zango, duk mai sha'awar naman daji ya daina wahalar da kansa da bindigar gado. Ya yi adashi ya sayi katafila.