Masu Sauraren Ƙasa a Matameye

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 samarin ƙasar Damagaram suka yi ta kwarara arewa. Da gwamnati ta rufe wurin a 2017, kaɗan sun dawo da kuɗi, da yawa sun dawo da tari da bashi, wasu kuwa da na'urar neman ƙarfe a kafaɗa. To, abin da aka saya da tsada ba a jingine shi a ɗaka. Tunda babu dutsen zinariya tsakanin Matameye da Kance, sai aka koma neman tulun kuɗin da kakanni suka binne. Sana'ar ta tara mutane iri-iri.

Ga shugaban tafiya, Ɗan Jado. Rawani har hanci ko da ana zufa, abin saurare a kunne, ba ya amsa sallama don kada ƙasa ta yi magana bai ji ba. In na'ura ta yi ƙara sai ya ɗaga hannu, kowa ya ɗauke numfashi, a haƙa, a fito da tsohon ruwan hauya ko gwangwanin tumatir. Bai taɓa yin kuskure ba. Ko batir ne ya yi sanyi, ko wani a cikin ayarin bai yi wankan tsarki ba.

Mai kawo masa aiki shi ne Magaji, wanda kakarsa ta gaya masa cewa kakanta bafatake ne a zamanin Sarki Tanimun, kuma ya binne dukiya a gindin kuka, gabas da rijiya. Kukar ta faɗi tun kafin a haifi ubansa, rijiyar ta cike, kufan ya zama gonar gyaɗar wani. Wannan bai hana shi cin bashin goro da sunan tulun ba. Abin da ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa shi ne, kuɗin zamanin Tanimun wuri ne, ana ƙirga dubu 20 a jikka guda, kuma wuri ba ƙarfe ba ne. Ko kakan nasa ya binne jikka ɗari, na'urar za ta bi ta kai shiru, ta je ta yi kururuwa a kan ƙusa. Yau jikkar da muka sani takardar sefa 1,000 ce, ita ce kuma Magaji yake biya bi-da-bi kuɗin hayar na'ura.

Mai haƙa ba shi da dogon labari. Shi ke cikin rami, shi ke gamuwa da kunama, rabonsa kuwa “in an samu”. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai mai maganin aljanu, wanda ba a gayyatarsa, jin labari yake yi ya zo. A iliminsa kowane tulu yana da mai gadi, kuma tulu tafiya yake a ƙarƙashin ƙasa in ya ji motsin mutane. Don haka in an haƙa ba a samu ba, an makara ne, jiya da dare ya tsallaka Ɗan Barto ya nufi Daura. Kafin a ɗaure shi sai an kawo baƙin bunsuru, turare, da ƙyalle fari kamu bakwai. Ban taɓa jin aljani ya nemi abin da ba a iya sayarwa a kasuwa washegari ba.

Mai gona da fari dariya yake yi musu. Da ya ji ƙarar farko sai fuska ta canza, ya tuna gonar gadon gidansu ce tun kafin Faransawa su ci Damagaram a 1899. Ya je wajen liman neman hukunci. Liman ya warware masa yadda fiƙihun Malikiyya ya ce: abin da mutanen jahiliyya suka binne ana fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar, in kuwa na Musulmi ne to tsintuwa ce, sai an yi shekara ana cigiya. Mushen lakwal da ke zaune a gefe ya ƙara da cewa akwai dokar 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa, ba a tonon kufai yadda aka ga dama. Daga nan mai gona ya daina tambayar masu ilimi.

Wani lokaci fa ana dacewa. A sami anini ko kwabo mai huji na zamanin Ingilishi, waɗanda suka shigo da fataucin Kano da Daura, ko tsohuwar tamma ta Faransa. Mai babban rabo ya tsinci liyari, azurfar nan mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, nauyinta wajen giram 28. Nan dillali zai bayyana da ƙaramin gilashi a ido. In zai saya, sai ya ce ai kusan duk liyari 1780 aka rubuta a jikinsa, an yi ta buga shi da wannan shekara har bayan yaƙin duniya na biyu, gaskiya ce kuma ya faɗa. In zai sayar, sai liyarin nan ya zama guda ɗaya tak da ya rage a duniya, akwai wani Balarabe a Dubai da ke jiransa da miliyoyi, a dai kawo kuɗin mota.

'Yan kallo su ne suka fi kowa yawa, kuma su ne suka fi kowa ganin tulun. Kafin la'asar anini uku sun zama kwarya guda, kafin isha'i an ce jaki biyu suka ɗauko dukiyar, da safe surukan Magaji sun aiko a tuna masa da maganar kayan ɗaki.

In aka yi lissafi a ƙarshen rani, mutum uku ne suka ci riba: mai ba da hayar na'ura, mai sayar da batir, da mahaucin da ya sayi bunsurun. Kai kuma mai gona, in sun zo maka da na'ura, ka sa sharaɗi tun a bakin gona cewa duk ramin da suka tona su cike shi kafin ruwan shuka, don ƙafar sanka ta fi anini tsada.