Ƙa'idojin Zama Masanin Fim a Majalisar Bazara

Bazara ita ce tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina, wato daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, har ɗakin kwano ya gagari zama tun daga hantsi. A wannan lokaci ne majalisa take cika, kuma abin da ake nufi da majalisa a nan shi ne benci ko tabarmar da wasu sanannun mutane suke haɗuwa a kai kullum a gindin dalbejiya ko a ƙofar shagon tela, ba wadda take yin doka a Abuja ba, ko da yake ta unguwa ta fi saurin yanke hukunci. Da yake zafi yana hana ƙafa tafiya amma ba ya hana baki motsi, sharhin fim ya zama sana'ar da ta fi dacewa da bazara, domin ba ta buƙatar jari ko lasisi, kuma mai yin ta ba ya tashi daga inuwa.

Wanda yake son a riƙa kiran sa masani sai ya fara da zaɓen wurin zama, ya lura da inda inuwa take komawa bayan azahar, ya kuma zauna kusa da wanda aka sani da sayen zoɓo mai ƙanƙara ko ƙullin mangwaro, nesa da yaron nan da yake riƙe da sunayen daraktoci a ka, domin irin wannan yaro yana iya rushe martabar shekara goma da tambaya guda.

Babbar ƙa'ida, wadda sauran duka suke rataye a jikinta, ita ce kada masani ya taɓa amsa cewa yana kallon fim ɗin Hausa. Idan an tambaye shi, amsar da aka yarda da ita ita ce iyali ne suke kallo, shi kuwa wucewa ya zo yi zai ɗauki buta, idonsa ya faɗa a kan talabijin. Ba laifi ba ne idan wannan wucewa ta ɗauki sa'a guda cur, har ta ba shi damar sanin wanda ya saki matarsa, da wanda ya ci amanar maigidansa, da launin mayafin da jaruma ta yafa a wajen ɗaurin aure, domin ladabin majalisa ya hana a tambayi dattijo nisan da ke tsakanin ɗakinsa da butarsa. Haka kuma ana so ya riƙa kuskuren sunan jaruma da gangan a karon farko, ya ce “wannan yarinyar, wa take da suna ma,” sannan ya gyara wa wanda ya faɗa masa idan bai faɗa daidai ba.

Bayan wannan sai tarihi, wanda shi ne makamin da yake rufe bakin matasa. Ya wajaba masani ya haddace cewa Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo da aka kai kasuwa, kuma sunan Kannywood ya fito ne daga alƙalamin Sunusi Shehu a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990. Daga nan sai ya ambaci finafinan Sangaya da Wasila, ya tuna da zamanin da ake zuwa Bata da Ƙofar Wambai sayen kaset, ya yi wa marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, addu'ar samun rahama, ya girgiza kai ya ce ai fim ya tafi da masu shi. Kada ya damu da cewa shi da kansa ne ya la'anci Sangaya a lokacin da ya fito saboda rawa da waƙa. A al'adar majalisa, fim yana buƙatar kamar shekara ashirin kafin ya tashi daga sahun masu ɓata tarbiyya ya koma sahun masu ma'ana, kuma babu mai ajiye rijistar abin da aka faɗa a baya.

Zargin kwaikwayon Indiya yana buƙatar taka-tsantsan fiye da yadda masu koyo suke zato. Gaskiya ne cewa 'yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Lebanon da suka mallaki gidajen silima, sun fara shigo da finafinan Indiya Arewa tun shekarun 1950, kuma jama'a sun yi shekaru suna cika Plaza da Marhaba da Eldorado don kallon su, saboda haka duk wanda ya ce soyayyar mutum uku da waƙa a cikin lambu daga can aka aro su bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce da zarar masani ya ce an saci labari, wani zai ce daga wane fim, kuma idan ya kawo sunan fim ɗin da jaruminsa da yadda aka kashe bos a ƙarshe (bos shi ne mugun da jarumi yake fama da shi), to ya tona wa kansa asiri cewa ya ci ƙuruciyarsa a layin sayen tikiti. Mafita ita ce ya jingina bayanin ga wani yayansa da ya lalace da silima, wanda zai fi kyau a ce ya daɗe da ƙaura zuwa wani gari. Game da Indiya-Hausa kuwa, wato finafinan Indiya da aka ɗora musu muryar Hausa irin na kamfanin Algaita, inda jarumin kudancin Indiya yake buɗe baki ya yi baƙar magana da Kananci tsantsa, an halatta wa masani ya kalle su a fili, matuƙar ya sanar cewa bincike yake yi a kan lalacewar harshe.

Finafinai masu dogon zango, wato waɗanda ake sakin su kashi-kashi duk mako, su ne suka mayar da wannan sana'a ta kullum. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in ya biyo baya da siyasar jihar Alfawa, wadda babu ita a taswira amma kowa yana da tabbacin ya gane gwamnan da ake nufi, sai Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye wayoyi daga 2020, majalisa ba ta sake rasa abin tattaunawa ba. A nan aikin masani hasashe ne, kuma hanyar da ba ta ɓaci ita ce ya faɗa wa ɓangaren dama na benci cewa auren zai yiwu, ya faɗa wa na hagu cewa ba zai yiwu ba, ta yadda ko yaya aka ƙare yana da shaidu. Idan aka sauya jaruma, kamar yadda Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya a Labarina bayan Nafisa Abdullahi ta bar shirin, ya kamata ya bayyana cewa an kashe fim ɗin kuma gidansa an daina kallo, ya maimaita wannan sanarwa duk mako tare da cikakken bayanin abin da ya faru a kashin da bai kalla ba. Sai dai ana gargaɗinsa da kada zafin muhawara ya kai shi ga rantsuwa da Allah, domin kaffarar rantsuwa ita ce ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba kuma ya yi azumin kwana uku, azumin kwana uku a watan Afrilu kuwa ya fi ƙarfin kowane fim.

Shi kallon kansa da dare ake yin sa, kuma yana da nasa shiri. Tun da wutar lantarki, wadda har yau jama'a suke kira NEPA ko da yake hukumar ta sauya suna tun 2005, ta fi yin ƙaura a daidai lokacin da aka fi buƙatar fanka, dole ne a kai waya wurin mai caji tun la'asar, idan kuma data ta yi tsada sai a aiki yaro shagon masu tura fim, a ja masa kunne ya ce uwar gida ce ta aiko shi. Bayan isha'i sai masani ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya ajiye mafici a dama saboda sauro, ya rage hasken waya, ya toshe kunne ɗaya kawai domin ya ji motsin mai zuwa. Haɗari biyu aka sani a wannan hali: dariyar da takan kuɓuce ta tsallaka katanga zuwa kunnen maƙwabcin da ake zama majalisa ɗaya da shi, da kuma wayar da takan suɓuce ta faɗo a kan hanci idan gyangyaɗi ya zo, wadda tabonta yake da wuyar bayani da safe.

Idan duk da haka aka ritsa shi, sai ya juya zancen zuwa ƙwallo, tun da gasannin Turai a watan Mayu suke ƙarewa, kuma ambaton Arsenal kaɗai ya isa ya raba kowace majalisa gida biyu har a kira magariba.

Masu shirya fim da wannan sharhi yake ɓata wa rai ya kamata su kwantar da hankalinsu, su ma riƙa yi wa masanin fatan samun cikakken caji, domin YouTube yana ƙirga wanda ya kalla ne, ba ya tambayar abin da ya faɗa washegari a gindin dalbejiya.