Kwamfutar Da Ba Ta Tashi Sai Ta Ga Dama

Wata uku muna kai ruwa rana da wata Raspberry Pi 4 da na jona wa allon da na harhaɗa da hannuna don kunna famfon lambu. Yau ta tashi, gobe ta turje kamar jaki a bakin gada. Abin haushin, duk ranar da na kira abokina ya shaida, sai ta tashi garau, ya bi ni da kallon maƙaryaci.

Na sauya katin memori sau biyu. Na zargi zafin bazara. Goggo ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, kawo ta in yi mata tofi."

Ashe yunwa ce ke damunta. Abincinta volt 5.1 da amfiya 3, da wuta ta yi ƙasa da 4.63 sai jar fitilarta ta ɗauke. Ni kuwa na ba ta wayar caja siririya kamar taliya, ga kafasitocin allona suna wawushe wutar tun kafin ta kai loma baki.

Na sa gajeriyar waya mai kauri, na raba musu tukunya. Tun ranar ba ta ƙara gardama ba. Goggo dai har gobe cewa take tofinta ne.